Mutumin da ke Cikin Akwatin Inna

Ranar da na fara ganin fuskarsa, Inna ce ta aike ni in ɗauko mata mayafi a akwatinta na ƙarfe. Na ɗaga zannuwa uku, sai ga wani ƙyallen atamfa a ninke cikin leda. Na warware. Hoton mutum ne a tsakiya, da hula da ɗan gemu, yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir. Babu suna a jiki, an yanke inda rubutun yake.

Shekarata goma sha biyar lokacin, Baba kuma ya shekara biyu da rasuwa. Na riga na karance littattafan soyayyar da ake ba da haya a layinmu na Ɗan Iya, kuma a cikinsu babu macen da ke ɓoye hoton namiji a ƙasan akwati haka kawai. Kafin in mayar da ledar na gama tsara labarin: saurayin Inna ne na farko, tafiya ta raba su, ta auri Baba, zuciyarta kuwa tana can. Da farko abin ya burge ni. Bayan kwana biyu sai ya fara cin raina. Ashe kukan da ta sha a takaba ba duka na Baba ba ne?

Baba tela ne a Wunti. Idan zaɓe ya matso, shagonsa kan cika da atamfar 'yan takara, mata na kawowa a yi musu anko. Ba ya tambayar jam'iyya, duk wadda ta kawo zai ɗinka. Amma yana da doka ɗaya: almakashinsa ba ya bi ta kan fuskar mutum. Wasu teloli sai su raba hanci biyu, ko su cusa ido ɗaya a hammata. Shi kuwa zai shimfiɗa yadin ya yi ta juyawa, ya zana da alli ta baya, har fuskar ta fito cikakkiya. Idan mata suka yi ƙorafin yana cin yadi, yakan ce ai shi ma ɗan wani ne.

Duk na san wannan, amma ko sau ɗaya ban haɗa shi da ƙyallen ba. Bincike na shiga. Na tambayi gwaggona, ƙanwar Baba, ko Inna ta taɓa son wani; ta ce in je in tsince shinkafa. Na riƙa satar kallon Inna duk lokacin da rediyo ya ambaci 'yan siyasa. Ko kasuwa aka aike ni, bango nake bi da ido, ina neman gemun nan a hotunan da rana ta koɗar.

Wata Juma'a tana yi mini kitso, kaina a cinyarta, na daure. Na zaɓi lokacin ne don ba sai mun haɗa ido ba.

"Inna, wane ne mutumin da ke cikin akwatinki?"

Hannunta ya tsaya. Ta ɗan ranƙwashe ni da mataji don binciken da na yi mata, sannan ta ce in ɗauko. Ta duba fuskar kamar yau ta fara ganinta. Ta ce wani ne da ya taɓa neman kansila ya sha kaye, ko sunansa ba ta riƙe ba.

"Ke kin juya shi kuwa?"

Na juya. A bayan akwai layin farin alli. Ya zagaye kan mutumin, ya bar masa fili ta kunne, ya gangaro kafaɗa ya tsaya, bai haɗe ba. Aikin da ke kan teburin Baba ke nan ranar da jiri ya kwashe shi aka wuce da shi asibiti. Ita ta yanko wurin da kanta, nesa da layin. Ledar kuwa don kada allin ya goge ne.

"Littattafan nan sai sun haukata ki, 'yar nan," in ji ta, ta mayar da kaina cinyarta. Tsagar da ta yi bayan nan karkatacciya ce.

Mutumin fa bai fita raina ba. Sai bayan na yi aure na tare a Fadaman Mada na gan shi, a wani shagon fenti da ƙusa. Gemun ya yi fari tas, murmushin ne ya tona shi. Na gaishe shi, na ce fuskarsa ta daɗe a akwatin mahaifiyata. Ban faɗa masa matsayin da na taɓa ba shi ba. Da na kwatanta Baba, ya ce tasa mahaifiyar ma a shagon Baba ta yi ɗinkinta, kuma ta sa rigar har ta tsufa.

"'Yata, a duk unguwar nan a jikinta kaɗai na fito da kunnuwana biyu," ya ce.

Bai ƙara tsayawa takara ba. Yana nan a shagonsa, rediyo a gefe, kuma duk hoton ɗan takarar da aka manna masa a ƙofa, idan zaɓe ya wuce, a hankali yake ɓare shi don kada ya yage.