Mai Tutar Jirgin Feshi

Baba Tuta ake kiransa a unguwa, jikokinsa ma ba su san masa wani suna ba. Tun yana saurayi aikinsa ke nan: ya tsaya a bakin gonar kamfani da farar tuta a hannu, don matuƙin jirgin feshi ya ga layin da zai bi. Jirgi ya taho ƙasa-ƙasa, shi kuma ya yi ta kaɗa tuta har sai ya matso, sannan ya ruga ya tsaya a layi na gaba. Duk gudunsa sai maganin ƙwari ya sauko masa kamar yayyafi. In ya koma gida matarsa takan toshe hanci.

"Maigida, tuɓe rigar nan a waje. Ko sauro ya daina shigo mana ɗaki."

"To ai kin huta," yakan ce, yana dariya yana tari.

Matuƙin, wanda ake wa laƙabi da Shirwa, mutum ne mai son hira. Wata rana sun fake a inuwar fiffike, Tuta ya shafa ƙarfen ya ce, "Ranka ya daɗe, tsuntsu dai kaɗa nasa yake yi. Wannan kuwa a sandare yake. Me ke ɗaga shi?"

Shirwa ya kama hannunsa ya bi da shi ta saman fiffiken. "Ka ji doro? Ƙasan kuma kusan a shimfiɗe yake, gaban ya ɗan ɗaga. In na sheƙa da gudu, iskar da ta bi doron ta fi ta ƙasa sauri, sai dannawarta ta ragu, ta ƙasa ta samu damar turo shi sama. Fiffike ya tankwasa iska ƙasa, iska ta rama. Amma fa sai da gudu. In gudu ya ragu, ko na ɗaga hancin jirgi fiye da kima, iska ta saki doron, to dutse nake tuƙawa."

"Ashe kai ma a hannun Allah kake."

"Wa ya fita daga hannunsa?"

Shekarar da tsutsa ta afka wa gonar, aka matsa musu su yi feshi har da tsakar rana, lokacin da zafi ke sa iska ta yi sako-sako ta kasa ɗaukar kaya. An cika tanki maƙil. Shirwa ya wuce ta kan Tuta, ya ɗaga hanci don ya tsallake dogayen itatuwan ƙarshen gona ya juyo. Tuta ya ga jirgin ya yi kamar ya tsaya cak a sama, sai fiffiken hagu ya sunkuya.

Shi ya fara isa wurin da jirgin ya faɗi. Tanki ya fashe, magani ya malale ko'ina. Ya kutsa ciki, ya kwance bel ɗin kujera, ya janyo Shirwa, amma rai ya riga ya yi halinsa. Ya rufe masa fuska da tutar, ya zauna kusa da shi yana kora ƙudaje har mutane suka iso.

Ba a daɗe ba aka kawo wani jirgin da wani matuƙin, wanda ko gaisuwa ba ya amsawa. Tuta ya ci gaba da tsayuwa, don akwai bakuna a gida. Daga baya aka sa wa jirage na'urar da ke nuna layi, aka sallami masu tuta gaba ɗaya.

Kafin nan hannuwansa sun fara rawa. Likita ya tambaye shi sana'arsa, ya saurara, ya girgiza kai, ya ba shi ƙwayoyin da ba su hana komai ba. Matarsa ta riga shi gidan gaskiya. Yanzu yana gidan babbar 'yarsa, a ɗan ɗakin da ke kusa da ƙofa. Cokali ba ya isa bakinsa da abinci a ciki, sai ta durƙusa ta ba shi.

"Ya isa haka, 'yar nan. Je ki ji da yaranki."

"Yara sun ci. Buɗe bakin, Baba."