Hannun Rigar Baba Toktosun

Shekara goma sha tara matar yayana Burulkan ta yi tana aikin jinya a ɗan asibitin ƙauyenmu, cikin duwatsun lardin Naryn, daga ita sai firjin allurai da murhun gawayi. Mace ce marar surutu, ga taurin kai. In faɗi gaskiya ban taɓa sonta sosai ba, don tun da aka kawo ta gidanmu mahaifiyata take auna ni da ita.

Kowace kaka takan bi gida-gida da allurar rigakafin mura. Wanda tari ya kwantar kuma a ɗebi majinarsa, a cika takarda, a tura birni. Can ake haɗa namu da na ƙasashe maƙwabta, a ƙirga mutum nawa cikin waɗanda ciwon ya kayar suka yi allurar, don a san ko ta bana tana aiki.

Mahaifinmu Toktosun ya gagare ta. A al'adarmu suruka ba ta kama sunan uban mijinta, ba ta juya masa baya, balle ta taɓa jikinsa. Shi kuwa ya naɗe hannun riga a gaban matar ɗansa? Ko giyar wake ya sha.

Ta ce da ni, "Auta, roƙar mana Baba."

Na ce, "Ke ce likita, ni mene ne nawa?"

Na dai je. Na same shi yana shan shayi da madara. Ya ce, "Shekara saba'in da takwas nonon goɗiya ne ya riƙe ni. Ce wa 'yar nan ta rubuta an yi, kada manyanta su dame ta. Na gama magana."

Ta rubuta. Wa ya isa ya yi masa musu?

Da tsakiyar hunturu tari ya kama shi. Kwana shida ya yi a asibitin gunduma, ya cika. Gwaji ya nuna mura ce.

Bayan addu'ar bakwai likitar gunduma, Dakta Jipar, ta zo gaisuwa. Ta same mu a kicin muna wanke kwanuka, ta fito da takarda.

"Littafinki ya nuna an yi masa allura. Sa mini hannu kawai."

Burulkan ta goge hannu, ta ce, "In na sa, za a ƙirga shi cikin waɗanda allurar ba ta kare ba?"

"Haka ake yi."

"Ba a yi masa ba."

Na taka mata ƙafa. "Haba Yaya, rufa wa kanki asiri mana! Mutum ɗaya cikin dubbai, wa zai sani?"

Likitar ta kau da kai. "Ni ban ji komai ba. Kin san rubutun ƙarya kora ce, ga shi fanshonki ya kusa."

Burulkan ta ce, "Ai ba ɗaya ba ne."

Ta aika aka ɗauko littafin. Ƙannen Baba biyu, da sauran dattawan dangin mijinta, su bakwai har da shi, duk ta rubuta an yi musu allura alhali ba a yi ba. Ta kasa faɗin sunayensu, da yatsa ta riƙa nunawa, likitar tana sokewa.

Kafin ƙanƙara ta narke aka sallami Burulkan daga aiki. Wata biyu yayana bai yi mata magana ba, wai ta tozarta mamaci. Ni da na kai saƙon ba wanda ya tuhume ni, kuma har yau abin yana cina.

Da kaka ta zagayo aka turo wani ma'aikaci daga birni ya maye gurbinta. Hantsi guda ya yi wa dattawan nan shida allura, suna naɗe hannun riga suna tsokanar juna, wai wane ya rufe ido.

Na tarar da Burulkan a bayan gida, bokitin tatsa a gabanta, tana kuka.

"Auta, da ma namiji na roƙa a turo mana. Yini ɗaya tak. Kunya ta hana ni in gaya wa kowa Baba ya ƙi."