Kantar da ke Bayan Mai Aski

Shagon Mai Aski siriri ne: kujera, madubi, sai kanta a bayansa cike da kwalabe. Tun yana saurayi ƙafarsa ta san ba a ja da baya a wurin. In zai ɗauko hoda, juyawa yake yi gaba ɗaya.

Da gashinsa ya fara fari sai ya shiga wasan badminton, saboda 'yarsa. Ita ma'aikaciyar jinya ce, ba ta da yawan magana, tun rasuwar uwarta kuma ta ƙara yin shiru. A filin wasan ne kawai yake jin muryarta ta wuce gaisuwa. Su biyu suke haɗuwa a gefe guda.

A filin, gaba yana zuwa, gefe ma haka. Amma da zarar an ɗaga ƙwallon nan mai gashi ta bayansa, sai ya juya ya ba raga baya.

"Baba, me ka ajiye a bayan nan?" in ji Koci. "Ka karkata kafaɗa, ƙafa ta kori ƙafa, idonka na kan ƙwallo. In ka buga ka dawo tsakiya. In abin ya ƙi, gasar nan sai in haɗa ta da wani."

Ranar da na je aski na tarar ya cire kantar, kwalaben suna cikin kwali a ƙarƙashin kujera. Ya yi mini gefe ɗaya, ya zame baya, ya dawo, ya sake zamewa da almakashi a hannu.

"Kaina ka ke aske ko rawa ka ke koya?"

"Yaya, ka bar motsi."

"Ni ke motsi?"

Wani direba da ke jiran layi ya ce shi a bar masa gashinsa, yana da iyali. Mai Aski bai ji ba. Diddigensa sai ɗagawa yake, kamar ƙasar da zafi.

Na je kallo ranar da Koci zai yanke shawara. Aka ɗaga ƙwallo sama. Mai Aski ya karkata, ya zame, ya zame, bai juya ba. Sai ji muka yi ƙum, uba da 'ya a ƙasa, raket ɗin da take bugu da shi can gefe. Ashe duk watannin nan ita ke tsaye a bayansa tana kwashe abin da ya wuce shi.

Ta daɗe a zaune tana duba gwiwar hannunta. Shi kuwa ya kasa dubanta.

"Baba, tunda ka iya, ka riƙa cewa tawa ce. Za ka karya ni."

Koci ya buɗe baki, ta riga shi: "A sake ɗaga masa."

Har yau kwalaben suna cikin kwali. Ni dai in zan je aski, na kan bari sai ranar da ba su da wasa.