Jakar barcin Baba Ilu tana wurina

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina tsaye a layin burodi a unguwar Utaibiyya nan Makka, Sani direban tankar ruwa ya kira ni ya ce Baba Ilu ya rasu.

Na ce masa wane Baba Ilun? Kamar akwai wani.

Ga waɗanda ba su san shi ba, dattijo ne mutumin Tawa, ya zo aikin hajji tun ban san Makka ba, ya zauna. Duk lokacin sanyi yana gadin tantunan wani Balarabe a saman dutsen Hada, hanyar Ɗa'ifa, inda masu gida ke zuwa hutu da iyalansu. Shi ya sama mini shugul, wato aiki, a can bara.

Mu 'yan Makka ba mu san sanyi ba. Na hau dutsen nan da jallabiya da silifa. Da ya gan ni sai ya yi dariya har da tari, ya ce, "Auwalu, kai Harami za ka ko Hada?"

Yana da wata jakar barci koriya mai zif, wani ɗan Turkiyya ya bar masa. Buhu yake ce mata. A cikinta na kwana satina na farko, shi kuma ya haɗa barguna biyu.

Shi ya koya mini komai. Ka shimfiɗa kwali a ƙasa tukuna, don ƙasa ta fi iska satar ɗumi. Ka cire safar da ka wuni da ita, ka sa busasshiya. Ka zuba ruwan zafi a gorar roba, ka naɗe da riga, ka sa wajen ƙafa. Ka ci dabino kafin ka kwanta. Kada ka cusa hancinka ciki, numfashinka zai jiƙa ta. Kullum yana cewa jiƙaƙƙen buhu ya fi babu sharri.

Abu ɗaya ne yake faɗa ba dariya. "Ko sanyi zai karya maka ƙashi, kada ka shigar da garwashi tanti. Ba za ka ji komi ba, barci ne kawai zai ɗauke ka."

Sani, da ke kai musu ruwa can sama, ya ce da asuba ba a gan shi a sallah ba. Suka buɗe tantin, zif a rufe har ƙasa, kaskon gawayi a gefen ƙafarsa. Likita ya ce hayaƙin ne.

Mutumin da ya hana mu.

Kuma jakar tana wurina.

Sati uku da suka wuce na samu aikin gadin wani sito a Arfa, a fili muke kwana, ga tari ya kama ni. Sanyin Arfa ai wasa ne in an gwada da na Hada. Amma Baba Ilu ya ji muryata a waya, washegari sai ga Sani da jakar a cikin leda. Na kira na ce Baba ba zan karɓa ba. Ya ce, "Khalas, yi shiru. Ni tsohuwar fata gare ni, kai ƙirjinka sabo ne."

Aikin ya ƙare, tari ya tafi. Ranar Juma'a zai sauko Makka, muka yi zan mayar masa. Sai na duba na ga duk ƙura da zufata, har da ɗigon maganin tari a bakinta. Kunya ta kama ni. Yaya zan miƙa wa dattijo kayansa haka? Ranar Alhamis da yamma na sa sabulu na wanke ta tas, na shanya a saman gidanmu.

Ban san audugar ciki ba ta bushewa da wuri ba.

Muka haɗu a wurin mai shayi a unguwar Jarwal bayan Juma'a. Na kawo ta a leda. Ya sa hannu ciki, ya matsa, ya dube ni. "Mi ya kai ka wanke ta, ɗana? Ni na ce maka tana wari?" Na sunkuyar da kai. Ya yi dariya, ya saya mini shayi da madara, ya ce in mayar in shanya sosai, in ba Sani ranar Laraba. Motar da za ta mayar da shi Hada ta yi ham. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ka juya cikinta waje, ya shaikh, in ba haka ba har azumi ba ta bushe ba."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Yau Talata. Ta bushe tun Lahadi. Ina ta jiran Laraba.

Sani ya ce daren jiya hazo ya sauko da iska, irin wanda ba su gani ba bana. Na san kwana ne ya ƙare, na sani, kowa ya faɗa mini tun safe. Amma duk sanda na ɗaga kai sai in ga igiyar shanya.

Ko gawarsa ba zan gani ba. Tana asibiti a can sama, akwai taftish, shingen binciken 'yan sanda, a hanya, ni kuwa ba iƙama, takardar zama. Ina zaune kawai da waya a hannu.

Akwai mutum uku da suka rage a tantunan, 'yan uwanmu ne, barguna kawai gare su, kuma sanyin bai wuce ba. Na naɗe jakar yadda ya koya mini, na sa safa biyu busassu a ciki, na kai wa Sani yanzu, na ce kada ya jira gobe. Jaka ɗaya, mutum uku. Ban san wa zai samu ba. Na roƙe shi ya ɗauke kaskon ya sauko da shi a tankarsa.

Duk mai ɗan uwa a Hada ko a jeji wurin raƙuma, don Allah ka kira shi yau, ka ce garwashi ya kwana a waje.

Ya Allah, Baba Ilu ya ɗumama ni da abin da shi kansa yake buƙata. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka lulluɓe shi da rahamarka. Wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'a, ya kuma sa mutum ukun nan na kan dutse, Allah ya kai su safiya.