Gidan Sauro a Kan Murjani

Mai Gilashi ba ya wuce taga bai shafe ta da hannun riga ba, ko da a gidan mutane ne. Da yankan gilashi ya ciyar da iyalinsa, har idonsa ya fara hazo, ya bar wa ƙaninsa shagon. Likita ya gaya masa, a gaban matarsa, cewa hazon gaba zai yi ta yi.

Aikinsa na ƙarshe wani akwatin gilashi ne da ya haɗa a falo. Ya zuba duwatsu da ruwan gishiri, ya rataya fitila mai shuɗin haske a sama. Murjani mai rai yake so ya raina, irin na cikin teku.

Wata da watanni ba komai a ciki. Gansakuka ta rufe duwatsun, ta gaji ta baje.

"Tsoho, dutse muke kiwo ne?" in ji matar.

"Ruwan bai nuna ba. Ɗanyen ruwa kashe shi yake yi."

"Idon naka fa, ya ce zai jira ka?"

Ya shafe gilashin akwatin da hannun riga.

Murjanin da ya sayo wurin mai kifin ado bai fi babban yatsa ba, a dunƙule kamar mai fushi. Ya ajiye shi can ƙasa, nesa da fitila. Ya yayyanka tsohon gidan sauronsu, ya shimfiɗa ninki-ninki a bakin akwatin, don haske mai ƙarfi farat ɗaya kan sa murjani ya yi fari fat ya mutu. Sai ya ƙura ido ya ga ya saba, sannan ya ɗauke ninki guda.

"Ka yaye duka mana, ka gan shi tun kana iyawa."

"Ni na kawo shi, Tsohuwa. Bai roƙe ni ba."

Wata rana da hantsi tana share falo, tsintsiyar ta tsaya. Murjanin ya buɗe. Shi kuwa maigidan, shuɗi kawai yake gani a lokacin.

"Gaya mini," ya ce.

"Kore ne. Amma ba irin na ganye ba, kamar an kunna masa wuta daga ciki. Ga wasu 'yan hannuwa sirara, suna ta kaɗawa." Ta matso kusa da gilashin. "Wai haka suke a ƙarƙashin teku tun fil azal, ba mai kallo?"

"Ba mai kallo."

Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, ta manta da sharar.

Ninki ɗaya ya rage. Ya laluba ya kama gefensa, ya saki.

"Wannan sai mai ido," ya ce.

Har ya bar duniya ninkin yana nan. Da safe takan kama gefen da yatsa biyu, ta leƙa ta dubi murjanin, ta ce, "Bari dai ya ƙara sabawa."