Takardun Baba da Na Ƙona

Mahaifinmu yana da tsiyar son littattafai. A gidanmu na Nassarawa GRA ɗaki guda ya ware musu: tsofaffin labaran Hausa da ya karanta tun yana firamare, na Turanci masu kauri kamar bulo, har da sababbin da matan yanzu ke rubutawa, waɗanda abokansa ke yatsina wa fuska. Shi ba ruwansa da tsufan littafi ko sabuntarsa, in dai ya ci lokacinka bai cuce ka ba.

Cikin mu bakwai ni ya zaɓa ya addaba. Duk ranar da na je gaishe shi sai ya ce yana rubuta mini jerin waɗanda ya kamata in karanta, da dalilinsa a kan kowanne, in zauna ya nuna mini. Ni kuwa uzuri ba ya ƙare mini, yau aiki, gobe yara. Wallahi shekara uku ina ce masa sai wani satin, har Allah Ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar arba'in yayyena suka ce a kwashe ɗakin. Na ce kada wanda ya taɓa, ni zan yi, don jerin nan nake nema. Kwana biyu ina zazzage littattafai, ban ga ko layi ɗaya da rubutun boko ba. A durowar teburinsa dai na tarar da tarin takardu da baƙaƙen Larabci, kowacce da bisimilla a sama. Ni 'yar boko ce, karatuna na allo bai wuce abin salla ba, sai na ɗauka addu'o'i ne. An kuma tashe mu a kan cewa takarda mai sunan Allah ba a zuba ta a shara, kada a taka. Na kai su ƙarshen lambu na ƙona, na binne tokar, har ina ganin na yi aikin lada.

Da yamma Goggo, ƙanwar Baba, ta zo daga Kawaji. Ta tambayi takardun durowa, na faɗa mata da alfaharina. Sai ta ce:

"Ajami ne, 'yar nan. Hausa ce zalla. Da hannunsa ya fara rawa, rubutun da ya fara koya ya koma wa. Sunanki ne a ƙarƙashin kowace bisimilla."

Na yi kuka, na zagi kaina, har yau ban huce ba. Littattafan suna gidana, ina bin su ɗaya bayan ɗaya, ban san wanne ya zaɓar mini ba. Daga baya na sami wata malama a Giginyu ta koya mini ajami. Yanzu ina karanta shi sarai, amma ba ni da ko takarda ɗaya ta hannunsa.