Takardar da Baba Hamza ya ajiye

Har yau ban manta da safiyar Talatar da aka fitar da ni daga aji aka ce mudir, wato shugaban makarantar, na nemana ba. Shekarata ta shida ke nan ina koyar da Turanci a wata makarantar kuɗi a unguwar Aziziyya, kuma makarantar ce kafilina. Ga wanda bai yi aiki a Jidda ba, in kafili ya sallame ka iƙamarka, wato takardar izinin zama, ta mutu, sai ka kwashi iyalinka ka bar ƙasa.

A zangon nan shugaban sashenmu, Ustaz Nabil, ya saka wa 'yan ajin ƙarshe tsofaffin waƙoƙin yaƙi na kakannin Turawan Ingila. Shi ya zaɓo su, shi ya yi darasin farko ina zaune a baya. Ya yi ta bugun tebur yana bayanin shugaba a waƙoƙin: mai raba ganima bai ɓoye komai ba, mai shiga gaba in an fita daga, wanda mutanensa ke jin kunyar komawa gida da rai shi yana kwance a fage. Ya bar mini sauran darussan.

Sai wani uba ya kai ƙara ofishin ilimi, wai ana koya wa ɗansa labarin dodanni da shan giya da ƙona gawa. Aka turo muwajjih, wato mai duba aikin malamai. Shi na tarar a ofis tare da mudir da Ustaz Nabil.

Muwajjih ya ɗaga takardun ya ce, "Wa ya amince da waɗannan?"

Ustaz Nabil ya gyara tabarau, ya nuna ni ya ce, "Wallahi yau na fara ganinsu. Ustaz Sani yakan shigo da nasa daga waje."

Mutumin da na riƙe wa azuzuwansa lokacin da matarsa ke asibiti! Na ce ajin gaba ɗaya ya gan shi yana koyarwa. Mudir ya ce ba a kafa shaida da ɗalibai a kan malamai, in rubuto bayani, gobe a yanke hukunci.

Na sauka ɗakin kwafi. Mai kula da injin shi ne Baba Hamza, dattijo haifaffen unguwar Sharafiyya a nan Jidda, wanda kakansa ya zo hajji a ƙafa daga Katsina bai koma ba. Ƙa'ida ita ce ba a buga komai sai da 'yar takardar izini mai sa hannun shugaban sashe. Kowa yarwa yake yi, shi kuwa yana tara nasa a kwali. Da ya ji abin da ya faru, ya tona kwalin ya zaro takardar izinin buga waƙoƙin, da sa hannun Ustaz Nabil a jiki.

Na ce, "Baba, kada ka jawo wa kanka."

Ya ce, "Halas, ya waladi, shi ke nan ɗana. Da hannunsa ya miƙo mini. In yi shiru, da wace fuska zan tsaya salla?"

Washegari ya shiga ofishin ba wanda ya kira shi, ya ajiye ta a gaban muwajjih. Ustaz Nabil ya ce ai sa hannu ya yi bai karanta ba. Aka ja masa kunne da baki, aka cire waƙoƙin, ni kuma na tsira da aikina.

Ƙarshen zango aka ƙi sabunta wa Baba Hamza kwantiragi, wai sabon inji ba ya buƙatar mai tsaro. Shekara na zagayowa Ustaz Nabil ya zama mataimakin mudir. Ni kuwa tun da aka sallami Baba na rubuta wasiƙar ƙorafi mai zafi a kan abin da aka yi masa, na tuna 'ya'yana biyu da iƙamata, na jefa ta a durowa. Ranar da Baba zai tafi na raka shi bakin ƙofa ina ta kame-kame. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Yalla ustaz, koma, aji na jiranka."

Ku masu shigowa aikin nan, kada ku koyar da komai ba ku riƙe shaidar wanda ya sa ku ba. Kuma ku san mutanen da ke ƙasan bene, don ranar da abu ya ɓaci mai yiwuwa daga can mai tsaya muku zai fito, alhali ya fi ku rashin gata. Har gobe ina jin haushin Ustaz Nabil. Amma shi ƙarya ya yi ta kwana biyu a ofishin mudir. Ni shekara huɗu na ƙara a makarantar, ina buɗe durowar nan kullum, ban taɓa miƙa wasiƙar ba.